Yadda na ƙera jirgin Great Britain da takarda

Mafi yawan masu sha'awar ƙera ƙananan jiragen ruwa da takarda suna zaton wahalar tana wajen yanka da liƙi. Ni da na bi hanyar tun daga farko har ƙarshe, na tarar cewa aikin yakan gyaru ko ya lalace tun kafin mutum ya buɗe robar gam: wane jirgi za a yi, a wace shekara ta rayuwarsa, da wane ma'auni, a kan wace irin takarda, kuma wa zai buga zanen. Ban samu wanda zai warware mini waɗannan da Hausa ba lokacin da na fara, shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda tawa ta kasance, ko wani zai huta da kai-kawon da na sha.

Da farko raina a kan Great Eastern yake, wato katon jirgin da injiniyan Ingila Isambard Kingdom Brunel ya tsara, aka tura shi ruwa a 1858. Tsawonsa mita 211, bututun hayaƙi biyar, sandunan filafilai shida, ga manyan tayoyin tuƙi a gefe biyu ga kuma farfela a baya. Shi ne ya shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin tekun Atlantika a 1866. Duk mai son tsofaffin jirage idan ya ga hotonsa sai ya ji yana so ya yi shi. Amma da na zauna da biro na yi lissafi, sai jikina ya yi sanyi. Masu wannan sana'a a Jamus sun fi yin amfani da ma'aunin 1:250, wato kowace santimita ɗaya a takarda tana wakiltar santimita 250 a jirgin gaske, wasu kuma musamman a Poland suna yin 1:200 ko 1:400. A 1:250 Great Eastern zai haura santimita 84, a 1:400 ma sai ya kai kusan 53. Takardar A4 da kowane shagon kwamfuta ke bugawa tsawonta santimita 29.7 ne kawai. Ke nan kowane dogon sashe sai an yanka shi biyu ko uku an haɗa, kuma kowace mahaɗa ƙofa ce ta karkacewa. Sai na koma kan yayansa, Great Britain, shi ma aikin Brunel ne. Tsawonsa mita 98, faɗinsa ya ɗan haura mita 15. A 1:400 ya zama santimita 24.5 a tsawo, faɗi kuma bai cika 4 ba. Ya kwanta a kan A4 har da rarar wuri. Wannan lissafin na minti biyar shi ne abu mafi amfani da na yi a dukan aikin.

Ina gama zaɓar jirgi sai na faɗa cikin ruɗanin da ya fi kowanne ci mini lokaci. Na tara hotuna da zane-zane daga intanet, duk an rubuta Great Britain a ƙarƙashinsu, amma wani yana da sanduna shida, wani biyar, wani huɗu, wani uku, har akwai mai bututun hayaƙi biyu. Na ɗauka jirage daban-daban ne masu suna ɗaya. Sai da na zauna na karanta tarihinsa sannan abin ya warware. Jirgi ɗaya ne, ya yi doguwar rayuwa, an yi ta sauya masa kama. An ƙaddamar da shi a Bristol ranar 19 ga Yuli 1843 a gaban Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, kuma a lokacin babu jirgin da ya kai shi girma a duniya. Jikinsa ƙarfe ne a zamanin da ake yin jirage da katako, kuma farfela ke tura shi, domin Brunel ya canza shawara daga tayoyin gefe bayan ya ga wani ƙaramin jirgi mai farfela, Archimedes, a 1840. Tafiyarsa ta farko daga Liverpool zuwa New York a 1845 ta ɗauki kwana 14 da awa 21, yana da sanduna shida da bututu ɗaya. A 1846 aka rage sanda ɗaya, aka canza farfela mai ganye shida da mai huɗu, kuma a shekarar ce ya kafe a yashin Dundrum a gaɓar Ireland, ya kusa shekara a wurin kafin a ciro shi. Daga 1852 ya koma jigilar masu ƙaura zuwa Ostireliya, sandunan suka ragu zuwa huɗu, daga baya uku. A 1882 aka cire injinsa aka mai da shi jirgin ɗaukar kaya mai tafiya da filafilai kawai, ya ƙare a tsibiran Falkland a matsayin rumbun ajiya, har aka nutsar da shi a wani lungun ruwa a 1937. A 1970 aka ɗauko shi aka mayar da shi ramin da aka ƙera shi a Bristol, inda yake har yau mutane suna zuwa kallo. Saboda haka duk wanda zai yi wannan jirgi, ko wani tsohon jirgi makamancinsa, ya fara tsayar da shekara guda, ya watsar da duk hoton da ba na wannan shekarar ba. Ni na tsaya a kan 1845: sanduna shida, biyu a gaban bututu huɗu a bayansa, farfela mai ganye shida, baƙin jiki da farin layi mai zanen ƙofofin igwa waɗanda fenti ne kawai, ba ƙofofin gaske ba.

Akwai wata shawara da ta biyo baya. Ana iya yin jirgin daga saman ruwa kawai, a yanke ƙasansa ya zauna shafe a kan faifai kamar yana tafiya a teku. Wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma shi nake ba duk sabon shiga shawara idan jirginsa mai tayoyin gefe ne irin Great Western na 1838 ko Britannia na kamfanin Cunard na 1840, tunda abin kallonsu a sama yake. Amma Great Britain darajarsa tana ƙasa, a farfelar nan da ta sauya tafiyar teku. A yi shi a ɓoye farfelar, a ganina an bar muhimmin abu a baya. Sai na zaɓi cikakken jiki, na san kuma na ƙara wa kaina aiki.

Abin da ake bukata a hannu zane uku ne: jirgin ta gefe, jirgin ta sama, da zanen da ke nuna faɗinsa a wurare daban-daban daga goshi zuwa baya, wanda daga shi ake fitar da haƙarƙarin. Na zuba su a filash na nufi wani shagon kwamfuta da ke unguwarmu. Na tarar da layin ɗalibai masu buga takardun makaranta, ga wuta babu, ana jiran a tayar da janareta, don haka na zauna a benci na jira har aka yi la'asar. Da layi ya zo kaina na yi wa yaron shagon bayani, ya dube ni ya ce, "Malam, jirgin ruwa kuma? Na makaranta ne?" Na ce masa a'a, sha'awa ce kawai. Ya yi murmushi, ya buɗe manhajar zane ta CorelDraw, kuma gaskiya ya san aikinsa. Muka ja zanen gefe har ya zama santimita 24.5 daidai, muka daidaita sauran biyun da shi, muka jera haƙarƙari a shafi ɗaya, daɓen sama da ƙashin baya a wani shafin, fatar jiki mai kala a na uku, ƙananan kaya a na huɗu. Ya buga, na biya, na tafi gida ina murna. Da na ɗora rula a kai sai na ga jirgin ya dawo 23.5, shafin haƙarƙari kuma ya ragu da wani adadi daban. Babu sashen da zai shiga ɗan'uwansa. Dalilin shi ne firinta takan rage shafi da kanta domin ya shiga cikin iyakar da take iya bugawa, kuma yawancin shaguna a haka suke barinta tunda ga mai buga wasiƙa ko takardar makaranta babu wani bambanci. Da na koma na nuna masa, bai yi musu ba, ya ce, "Wallahi Malam ban taɓa lura ba, ba wanda ya taɓa zuwa mini da rula." Muka cire zaɓin "Fit to page" muka sa "Actual size", sannan na roƙe shi ya ja layi mai santimita 10 a gefen kowane shafi. Tun daga ranar ba na barin shago sai na auna wannan layin a gaban mai bugawa.

Kafin bugu na biyu sai da na warware maganar takarda, domin ta farkon da aka buga mini ta yau da kullum ce mai nauyin giram 80, wadda da ta ji gam take yamutsewa. Na shiga kasuwa wajen masu sayar da kayan ɗab'i, na yi ta tambaya ana turo ni gaba, har na isa shagon wani dattijo mai sayar wa masu buga katin biki kaya. Na gaishe shi na ce, "Alhaji, takarda nake nema mai ɗan kauri, amma wadda za ta lanƙwasu ba ta karye ba." Ya ce, "Ɗana, me za ka yi da ita? Faɗa mini aikin sai in san wadda zan ba ka." Da na nuna masa hoton a waya, sai ya ciro fallaye uku ya ajiye a gabana, ya ce in lanƙwasa kowanne ta tsawo sannan ta faɗi. Na yi, na ji lallai ta gefe ɗaya tana bi da sauƙi, ta ɗayan kuma tana turjiya. Ya ce kowace takarda tana da hanyar da zarenta ya kwanta, masu ɗinkin littafi sun san haka, idan aka saɓa mata sai ta tsage ko ta yi ƙwanƙwasa. Wannan bayanin na tsaye a bakin shago ya yi mini amfani a bututun hayaƙi da fatar jiki fiye da duk abin da na karanta. Na sayi mai giram 160 marar sheƙi domin jiki da daɓe, mai 120 domin ƙananan kaya, da kwali mai kaurin milimita ɗaya irin na bangon littafi domin haƙarƙari. Mai sheƙi ya ce in bar ta, gam ba ya kama ta sosai, kuma haka ne.

Sai zaɓin firinta. Mai hoda tana ba da baƙi mai kyau kuma ba ta tsoron danshi, amma idan aka ninke takardar sosai kalar takan tsage ta bar farin layi. Mai tawada ba ta tsagewa, sai dai ɗigon gam ɗaya ko yatsa mai gumi ya isa ya ɓata ta. Tunda jikin jirgina baƙi ne kusan duka, na zaɓi mai hoda, na kuma buga kowane shafi mai kala sau biyu domin a samu na canji. Ba kowane shago ne ke yarda ya sa takarda mai kauri a injinsa ba, wasu suna tsoron ta maƙale, don haka a tambaya tun kafin a zauna jiran layi.

Kayan aikin ba su da yawa: reza sabuwa ko wuƙar yankan kwali, rular ƙarfe, ƙaramin almakashi, hantsaki, allurar da bakinta ya dakushe domin jan layin ninki, tsinken sakace domin ɗiban gam, samfefa mai laushi, baƙar maka da jar maka, farin gam na kafintoci da ƙaramin sufa gulu. Na yi amfani da tsohon katakon yankan albasa a matsayin abin ɗorawa. Reza kuwa kada a yi mata rowa. Da zarar ta fara jan takarda maimakon yankawa, a canza ta.

Na liƙa shafin haƙarƙari a kan kwalin, na danne da littattafai ya kwana, sannan na yanka. Kowane haƙarƙari yana da tsaga zuwa rabinsa, ƙashin baya ma yana da tasa tsagar, sai su shiga juna. A nan akwai abu biyu da ba a gani a zane. Na ɗaya, faɗin tsagar dole ya zama daidai kaurin kwalin bayan an liƙa masa takarda, ba kafin ba. Na biyu, dole a rage kaurin fatar jiki daga gefen kowane haƙarƙari, in ba haka ba jirgin zai fi daɓensa faɗi. Takarda mai giram 160 kaurinta wajen kashi biyu cikin goma na milimita ne, abin kamar ba komai, amma a wannan ma'aunin daidai yake da santimita 8 a jirgin gaske, kuma mutum mai matsakaicin tsawo bai wuce milimita 4 da ɗan kaɗan ba. Na haɗa komai babu gam tukuna, na ɗaga shi na hango daga goshi zuwa baya da ido ɗaya, na gyara wanda ya karkace, sannan na bi mahaɗai da gam a bakin tsinke. A lokacin hunturu ne, iska a bushe, gam yana kamawa kafin mutum ya gama daidaitawa, kwalin kuma yana son lanƙwashewa ta gefen da aka shafa. Maganinsa gam kaɗan da danniya mai nauyi, da barin aikin ya kwana kafin a taɓa.

Sanya fatar jiki ita ce matakin da na fi jin tsoro, kuma ta cancanci tsoron. Jikin Great Britain ba a miƙe yake ba. Yana buɗewa daga ƙasa, ya yi ciki a tsakiya, sannan ya sake tsukewa wajen daɓe, kamar tulu. Takarda kuwa ta hanya ɗaya kawai take lanƙwasuwa a lokaci guda. Tsakiyar jirgin bai ba ni matsala ba, falle ɗaya ya rufe haƙarƙari uku ko huɗu bayan na murza shi a jikin biro ya ɗauki siffar tun kafin gam. Goshi da baya ne suka bukaci siraran yanki, kowanne daga haƙarƙari ɗaya zuwa na gaba, ana gwadawa ana ragewa da almakashi. Domin kada fatar ta lotsa tsakanin haƙarƙari, na cike gurabun goshi da na baya da gutsattsarin kwali da aka liƙa a jere, na goge da samfefa har suka bi siffar. Kafin liƙa kowane yanki nakan bi bakinsa da baƙar maka ta bayan takardar, domin farin baki a kan baƙin jiki daga nesa ake hango shi. Ƙasan jirgin na yi masa ja mai duhu. Akwai daren da na zauna a kan yanki ɗaya na ƙarƙashin baya, wurin da farfela ke fitowa, ya ƙi zama, har idona ya fara ruwa saboda hasken fitila. Na ajiye shi, da safe na ɗauka da hasken rana na ga ashe rabin milimita ce ta yi yawa a kusurwa ɗaya. Daga nan na daina aikin ƙananan sassa da dare.

Daɓen sama bai da wahala, domin jirgin a 1845 kusan a shafe yake, sai tagogin haske da ƙofofin sauka ƙasa. Bututun hayaƙi na naɗe shi a jikin ƙusa, na bi hanyar zaren takardar yadda Alhaji ya nuna mini, ya fito zagaye babu ƙwanƙwasa. Sanduna na fere su daga tsinken tsire, na sa a bakin samfefa ina murzawa har suka sirance ta sama. Ta biyu daga goshi ita ce babba, ita kaɗai ke da sandunan gicciye. Na bar filafilan ban sa ba, domin a wannan ƙanƙanta duk takardar da za a sa sai ta yi kauri ta rufe daɓen.

Farfelar gaske faɗinta wajen mita 4.7 ne, wato santimita 1.2 a wurina, kuma ganye shida za a fitar a ciki. Na yanke ta daga takarda mai giram 120, na murɗa kowane ganye kaɗan da hantsaki duk ta fuska ɗaya, sannan na ɗiga mata sufa gulu ta shanye. Da ta bushe sai ta yi tauri har ana iya goge ta. A yi wannan a wuri mai iska, domin tururin gam ɗin yana shiga ido.

Wajen igiyoyi na fara zuwa wurin telan unguwarmu, na ce, "Baba, zare mafi siranta da kake da shi nake so." Ya ba ni baƙin zaren surfani, ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce in ja shi a jikin kyandir domin gashinsa ya kwanta. Dabarar ta yi, amma da na ɗaura shi a jirgin sai ya yi kauri ƙwarai. Sai na fere tsohuwar wayar caja, na zaro siraran silin jan ƙarfen da ke ciki, na miƙar da kowanne ta hanyar murza shi a ƙarƙashin rula, na shafa masa baƙar maka. Ya fi zaren siranta sosai, ba ya saki idan damina ta zo, kuma ya dace da tarihi, tunda igiyoyin da suka riƙe sandunan Great Britain na ƙarfe ne. Ban sa duka ba, na zaɓi manyan da ke riƙe sanduna ta gefe da waɗanda ke haɗa kan wata da wata, na fara daga tsakiyar jirgi zuwa waje domin hannu kada ya riƙa bugun waɗanda aka gama.

Mataki na ƙarshe ban sa shi a lissafi ba da farko, kuma shi ya fi komai tsada. Jirgin takarda ba ya zama a fili a gidajenmu: ƙura za ta hau igiyoyin ba ta goguwa, kyankyaso yana cin gam, danshin damina yana sa kwali ya saki, ga hannun yara. Na je wurin masu yankan gilashi domin a yi masa akwati, da ma'auni a rubuce, tsawo santimita 35, faɗi 14, tsayi 20, domin a bar wa sandar goshi da kan sanduna sarari. Mai gilashin ya ce in dawo jibi, na koma bai yi ba saboda aikin tagogin wani gida ya sha gabansa, sai a mako na biyu na karɓa. Kuɗin akwatin ya ninka na takarda da bugu da gam gaba ɗaya. Bugu mai kala kuwa shafi ɗaya ya kai kuɗin baƙi da fari huɗu ko biyar, shi ya sa haƙarƙari da duk abin da zai ɓuya a ciki a buga shi baƙi da fari. Wanda bai da halin gilashi, robar ajiye abinci mai haske idan aka kifa ta a kan katako tana tsare ƙura da ƙwari. Na ɗora jirgin a kan gajerun ƙusoshi biyu da na soka ta ƙashin baya, waɗanda ya kamata a huda musu rami tun kafin a sa fatar jiki, na jefa ƙwayar kafur biyu da 'yar jakar shan danshi irin wadda ake samu a kwalin sabon takalmi a kusurwa, sannan na sa mai gilashin ya bar gefe ɗaya yana zamewa domin a riƙa canza su idan damina ta kama.